A Haɗa Makarantun Arewa Maso Gabas A Gasa Ɗaya

Daga 1967 zuwa 1976 Maiduguri ce hedkwatar Jihar Arewa Maso Gabas, makarantun sakandare na Bauchi da Yola da Potiskum duk suna ƙarƙashin Ma'aikatar Ilmi guda. Yau jihohi shida ne, kowace tana harkar gabanta. Ya kamata gwamnoninsu su kafa ƙungiyar wasanni ɗaya ta makarantun sakandare, tun da yake ga Hukumar Raya Arewa Maso Gabas, wadda aka kafa a 2017, zaune a Maiduguri. Borno kuwa ba baƙuwar ƙwallo ba ce, El-Kanemi Warriors ta ɗauki kofin ƙasa a 1991 da 1992 da 2024.

Inda gizo ke saƙar shi ne wa za a shigar. In aka bar wa manyan makarantun birni kaɗai, irin su Kwalejin Gwamnati ta Maiduguri, to ba a yi kome ba. Yaran Bama da Gwoza da Chibok su suka fi bukata. A 2014 aka rufe makarantun sakandare na Gwamnatin Borno saboda ta'asar Boko Haram, sai a 2016 aka buɗe, waɗansunsu kuwa sun zama masaukin 'yan gudun hijira. Kada a ɗora wa irin waɗannan makarantu kuɗin shiga, kada kuma a bar na 'yan mata a baya.

'Yan Arewa mazauna Kurmi sun san martabar da gasar Kofin Firinsifal ta samu a makarantun Ikko. Ƙungiyoyinsu na Agege da Sabon Badun suna iya ɗaukar nauyin mota da rigunan wasa na makarantar garinsu.