Mota Ba Ta Kuka Banza

Wani malamin makaranta ya aiko mini takarda, ya ce motarsa tana wani ƙara siriri kamar kukan ɓera in yana tafiya, in kuwa ya kai ta gareji sai ta yi tsit. To, Malam, ga amsa, ko wasu ma su ƙaru.

Abin da za ka fara bincikawa shi ne, ƙaran nan inji yake bi, ko taya? Tsaya wuri guda, ka fid da giya, ka ɗan taka totur. In ƙaran ya tashi tare da inji, galibi fambel ne, ko ya saki ko ya tsufa ya yi santsi. Ya fi kuka da sassafe, ko sa'ad da aka kunna fitilu, ko aka karya sitiyari har ƙarshe, don a lokacin ne nauyi ke ƙaruwa a kansa. Kashe inji, ka danna tsakiyarsa da babban yatsa. Irin na da, in ya lotsa fiye da rabin inci ya saki, sai a ɗaure. In ka ga ya tsattsage, a sake. Na ga yaran gareji suna goga masa sabulu ko giris don ya yi shiru. Wannan ha'inci ne, kada ka yarda. A motoci da yawa fambel ɗin nan ne ke juya famfon ruwa da abin cajin batir. Ran da ya tsinke a daji, inji ya yi zafi, abin da za ka kashe ya ninka kuɗin fambel nesa ba kusa ba.

In kuwa ba a jin ƙaran sai taya na juyawa, to, saurari birki. Masu ƙira sukan sa wani ɗan ƙarfe jikin takalmin birki da gangan, in takalmin ya cinye saura kamar milimita 2 ko 3 sai ya riƙa gogar faifai yana ƙara. Alamarsa, in ka taka birki sai muryar ta sāke ko ta ɗauke. Wannan kam ba a kwana da shi, balle a ɗauki iyali a kama hanya. Amma ɗan ƙaran da birki kan yi da safe bayan ruwan sama tsatsa ce, taku biyu uku ta goge.

Ƙaran da ke zuwa a gargada kaɗai kuwa, sifirin ne ko robobinsa suka bushe da ƙura. Danna motar tana tsaye, za ka ji shi. Wanda ke zuwa sai an taka kuloci, boris ɗin kuloci ne.

Saboda haka, Malam, ka rubuta lokacin da ƙaran ke zuwa, sa'an nan ka ɗauki makaniki ku bi hanyar da ka saba ji, shi ma ya ji da kunnensa kafin ya kwance kome. Haza wassalam.