Kira Ga Ma'aikatar Gona Ta Jihar Kano Kan Darɓa Da Lokacin Dashen Kayan Lambu

Mai girma Kwamishinan Gona da shugabannin hukumar KNARDA, ina miƙa wannan koke ne a madadin manoman rani na Kura, Bunkure da Garun Malam, masu cin gajiyar ruwan Tiga.

Ranka ya daɗe, darɓa ta zame wa masu kabeji, tattasai, attaruhu da kuɓewa ƙarfen ƙafa. Da damina ruwan sama yakan wanke ta daga ganye, amma da rani sai ta samu sake. Macenta tana haihuwa ba tare da namiji ba, 'ya'yan kuma su isa haihuwa cikin kusan mako guda. Tana tsotse ruwan ganye har ya nannaɗe, ta bar danƙo, ta kuma yaɗa cuta daga wannan shuka zuwa waccan.

Sai dai Allah bai bar ta babu maƙiya ba. Akwai ɗan buzuzun nan ja mai ɗigon baƙi, da tsutsar wani ƙuda mai kama da zuma, duk darɓa ce abincinsu. Amma sukan makara, sai ta yi yawa sannan su taru. Wanda ya yi dashe a makare, ƙananan shukokinsa ne ke tarbar darɓar da ta taso daga gonar maƙwabci. Idan kuma ya yi feshi barkatai, ya kashe masu taimakonsa, darɓar ta dawo fiye da da.

Dattawa ba su manta da 1975 ba, shekarar da cutar da darɓa ke yaɗawa ta durƙusar da noman gyaɗa a Arewa. Shawarar masana a kan wannan cuta ita ce shuka da wuri. Ashe lokaci ma magani ne.

Saboda haka muna roƙon ku haɗa kai da masanan Samaru, Zariya, a fitar wa kowane yanki jadawalin dashe, a kuma sako ruwa daidai da shi, domin maƙwabta su dasa tare. Malaman gona su zaga da hotuna, manomi ya bambance ɓarawo da mai gadi kafin ya ɗauki famfon feshi. A kuma sanar a rediyo tun kafin a zuba iri.

Allah ya taya ku riƙo, ya ba ku ikon share mana hawaye, amin.