Jan Kunne Game Da Tayar Tsere Da Ta Shigo Kasuwanninmu

Edita,

Ina roƙon ka ɗan sam mini fili a wannan jarida tamu mai farin jini, domin in ja kunnen 'yan'uwana direbobi da masu faci da 'yan kasuwa, da kuma samarinmu masu motocin gudu, game da wata irin taya da na ga ta fara yawa a hannun mutane. Ni dai mai faci ne a bakin tasha, ina kuma taɓa sayar da taya, sabuwa da ta gwanjo, yau shekara ashirin da 'yan kai ke nan. Abin da zan faɗa ba ji na yi ba, da hannuna a ciki, shi ya sa ya hana ni barci.

A daminar da ta wuce wani direba abokin hulɗata, mai Golf, wanda ke jigilar mutane zuwa kasuwannin ƙauye, ya zo mini da tayoyi biyu da ya tsinto cikin dilar gwanjo. Yana ta murna, ya ce, "Malam, dubi garaɓasar da Allah ya ba ni yau." Na duba, na ga taya baƙa wuluk, ga faɗi, ga laushi, ba faci ko ɗaya. Abin da kawai na lura shi ne zanenta bai da yawa, 'yan layuka ne manya jefi-jefi, gefenta kuwa kusan sumul. Na ɗauka wani sabon yayi ne na Turawa. Lambarta ta yi daidai da wilinsa, don haka na ɗaura masa su a baya, na ba su iska, ya biya ni ya tafi.

Ba a yi mako uku ba, ran wata kasuwa da yamma aka tafka ruwa. Ya zo wata kwana da ruwa ya kwanta a kan kwalta, sai bayan motar ya kwashe, ta juya ta faɗa rami. Fasinjojin da kansu sun shaida ba wani gudu yake yi ba. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma wata baiwar Allah mai sayar da man gyaɗa ta karye a hannu, jarinta ya malale a ƙasa, shi kuma motarsa ta yi wata biyu a gareji, iyalinsa na zaune ba abin shiga.

Da aka jawo motar na sake duba tayoyin nan, ban ga sun fashe ba, ban ga ƙusa ba. Sai na ɗauki hotonsu na aika wa ƙanena da ke aikin gareji a Jamus. Yana gani ya bugo mini waya, ya ce, "Yaya, wa ya sa wannan a motar haya? Ai tayar tsere ce." Daga nan ya yi mini bayani, ni ma na ci gaba da bin diddigi, ga kuma abin da na fahimta.

A ƙasashen Turai da Amurka da Japan akwai filayen tseren mota da aka kewaye, ba mai tafiya a ƙasa, ba dabba, ba babbar mota mai tahowa. Akwai wani sananne a Jamus mai suna Nurburgring, zagayensa ya ɗan haura kilomita 20, wanda a wasu ranaku kowa ke iya biyan kuɗi ya shiga da motarsa ya gwada ta. Motocin tsere na ainihi suna amfani da taya marar zane sam, wadda doka ta hana a hau titi da ita. To saboda masu son su tuƙo motarsu daga gida, su yi tsere, su koma gida a kan taya ɗaya, sai kamfanoni suka ƙera wata 'yar tsaka-tsaki: robarta mai taushi irin ta tsere, amma an yi mata ɗan zane gwargwadon yadda doka za ta bar ta ta hau titi. Irinsu ne Toyo Proxes R888R da Michelin Pilot Sport Cup 2 da Pirelli P Zero Trofeo R. Ba jabu ba ne, tayoyi ne masu kyau da tsada, amma don aikin da aka yi su.

A nan ne gizo ke saƙar. Doka ta yarda a hau titi da taya daban, tayar ta dace da hanyarka daban. Dokin sukuwa ma ai ba wanda ya hana shi bin hanyar kasuwa, amma ba mai hankalin da zai aza masa buhun gero ya sa shi gaba cikin taɓo.

Zanen da ke jikin taya ba ado ba ne, magudanar ruwa ce. Duk nauyin mota da na fasinja a kan wuri huɗu yake, kowanne bai fi tafin hannu ba. In taya ta taka ruwa, ta cikin layukan nan ruwan ke gudu, robar ta samu ta kama kwalta. Sabuwar taya ta yau da kullum zurfin zanenta kan kai kamar milimita 8. Ta tsere kuwa tun tana sabuwa ba ta wuce 5 zuwa 6 ba, ga layukan 'yan kaɗan. Ka ga ke nan kafin ta zama gwanjo ta iso gare mu, abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. A Turai doka ta ce in zane ya gaza milimita 1.6 a cire tayar. In ruwa ya rasa hanyar fita sai tayar ta hau kansa kamar kwalekwale, ka juya sitiyari ba ya ji, ka taka birki ba ya ji. Abin da ya sami direban nan ke nan, tun ba ma da yake a baya na sa su ba, gaban mota ya kama ƙasa, baya ya sake.

Wani zai ce, ai an ce tayar tsere sai ta yi zafi take kama ƙasa, mu kuwa Allah ya hore mana zafi, ashe ta dace da mu. Gaskiya ne a busasshiyar kwalta mai kyau tana kama ƙasa fiye da tayar da muka saba, ban musa ba. Amma taushin da ke sa ta kamawa shi ke sa ta saurin sudewa. Kuma duk lokacin da ta yi zafi sosai ta huce, robar na ƙara tauri. Baturen da ya cire ta ba don ya ƙi kuɗinsa ba ne, ya riga ya cinye amfaninta a fili. Ga shi tana kwasar tsakuwa da ƙusa kamar ƙaro. Yawancinsu kuma gefensu gajere ne, in ka faɗa rami ɗaya mai kyau sai ta yi ƙullutu, ko wilin ya lanƙwashe. Wa zai ƙirga ramukan da ke tsakanin garinsa da kasuwa mafi kusa?

Ana cikin haka, bayan sallah sai ga wani saurayi ɗan wani attajirin unguwarmu da wata BMW mai kofa biyu, irin mai ƙarar nan. Ya nuna mini hoto a wayarsa ya ce, "Baba, irin wannan nake so ka nemo mini, ko nawa ce." Ina dubawa na ga irin dai waccan ce. Na ce, "Ɗana, a wane fili za ka yi tseren?" Ya yi dariya ya ce ba wani fili, ya dai ga ita ake sa wa irin motarsa a intanet. Na tambaye shi ina yake zuwa da motar. Ya ce cikin gari, da ɗaurin aure, sai kuma ƙauye wurin kakarsa duk ƙarshen wata. Na ce to ni ba zan ɗaura maka ita ba, ko da za ka kai cinikin wani wuri. Ransa ya ɓaci ya tafi, amma bayan kwana biyu ya dawo muka zauna. Abin da na gaya masa shi zan maimaita a nan, don ya shafi mai motar gudu da mai motar haya baki ɗaya, domin duk taya tarihinta a rubuce yake a gefenta.

Na farko, a duba lambar girma. In ka ga 225/45 R17, to faɗinta milimita 225 ne, tsayin gefenta kashi 45 cikin ɗari na faɗin, wilin kuma inci 17. Kada ka bi ido, ka bi abin da kamfanin motar ya rubuta a takardar da ke manne a jikin ƙofar direba. A nan ma aka rubuta yawan iskar da ya kamata. Iska da geji ake aunawa, tun taya na da sanyi, ba da shuri ko bugun ƙarfe ba kamar yadda da yawanmu muke yi.

Na biyu, lamba da harafin da ke biye, kamar 91V. Lamba 91 na nufin tayar na ɗaukar kilo 615. Harafin kuma iyakar gudunta ne: T kilomita 190 a awa, H 210, V 240, W 270, Y 300. Kada a sa wadda ta gaza abin da aka rubuta wa motar. Amma samari su sani wannan ƙarfin taya ne, ba lasin ba ne. Dokar ƙasarmu kilomita 100 ta yarda wa ƙaramar mota a tagwayen hanya, 50 a cikin gari.

Na uku, a nemi inda aka rubuta TREADWEAR da lamba a gabansa, shi ne ma'aunin saurin sudewa. Tayar yau da kullum za ka ga 300 ko 400 ko fiye. Waccan Toyo ɗin 100 ce, Trofeo R 60 ce. Duk tayar da ka ga 200 ko ƙasa da haka, ga zane kaɗan, to ta tsere ce, mai motar haya ya guje ta ko kyauta ce.

Na huɗu, shekarun taya. Bayan haruffan DOT akwai lambobi huɗu a ƙarshe. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. In lambobi uku ne, to tun kafin 2000 aka yi ta. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba. Kamfanin Michelin da kansa ya ce in taya ta shekara biyar a riƙa kai ta ana dubawa duk shekara, in ta kai goma a cire ta ko da zanenta na nan. A 2013 ɗan wasan fim ɗin nan na Amurka, Paul Walker, ya rasu tare da abokinsa da ke tuƙi cikin wata Porsche Carrera GT a Kalifoniya. Masu bincike sun ce gudu ya yi yawa, sun kuma gano wasu daga cikin tayoyin sun haura shekara tara. A nan gida kuwa ba mu manta da ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi ba, wanda ya rasu da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja a watan Maris na 2016, bayan tayar motarsu ta fashe. In masu hali ba su tsira ba, ina ga talaka mai Golf?

Na biyar, in ka ga hoton dutse mai kai uku da ƙanƙara a ciki, ta hunturun Turai ce, ita ma ba ta jure kwaltarmu. Kuma kada a gwama taya iri biyu a layi ɗaya, hagu daban dama daban. Mai kibiya a jiki kuwa, a ɗaura ta yadda kibiyar ke kallon inda taya ke juyawa.

Shi saurayin nan na ce masa, mai motar gudu da ke hawa titi ya nemi tayar titi mai inganci da aka yi wa irin motarsa, kamar Michelin Pilot Sport 4S, mai cikakken zane, sabuwa, guda huɗu iri ɗaya. In kuwa wata rana ya sami filin tsere na gaskiya, ya sayi wili huɗu daban ya ɗaura na tseren, ya sa a fili, ya cire a fili. Titin da yara ke tsallakawa zuwa makaranta ba filin gwada taya ba ne, haka ma ƙofar gidan biki.

Na san talauci ne ke kai mu ga gwanjo. Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ta daina yin taya a Legas a 2008, sai abin da aka shigo mana da shi. Amma araha ba ta ado. Abin da direban nan ya rage a kan taya biyu bai kai kuɗin ɗorin matar nan ba.

Daga ƙarshe ina kira ga hukumar kwastan, tun da tsohuwar tayar ƙananan motoci na cikin kayan da aka hana shigowa da su, ta ina take biyowa? Ina kira ga hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa tun 1988, da ta riƙa shiga tashoshi tana koya wa masu faci da direbobi karanta gefen taya da Hausa, kada a tsaya ga tare hanya kawai. Shugabannin tasha su riƙa duba taya kafin a yi lodi. Ku kuma fasinjoji, iyayenmu mata da 'yan kasuwa, kafin ku shiga mota ku ɗan sunkuya ku dubi ƙafarta, in kun ga ta sude ku jira ta gaba. Mu masu faci kuwa mu ji tsoron Allah, tayar da ba za ka sa wa motar da ke ɗauke da 'ya'yanka ba, kada ka ɗaura wa wani. Ni na yi sau ɗaya cikin rashin sani, na je na nemi gafarar matar nan, ba kuma zan sake ba in Allah ya yarda.

Allah ya kiyaye mu a hanyoyinmu, ya kai kowa gidansa lafiya, amin. Wassalam.

Naku,
Wani mai faci a bakin tasha,
Jihar Kano.