Mu Zaga Duniya: Gidajen Sarakunan Faransa A Lokacin Kaka

Galibin mutanenmu da ke zuwa Faransa, ko don fatauci ko taro ko neman ilmi, ba su wuce birnin Faris. Su hau doguwar hasumiyar ƙarfen nan, su zaga kantuna, su ɗauki hoto, sai su komo gida su ce sun ga Faransa. To, a wannan mako ina jan hankalin duk wanda Allah ya nufa da zuwa can tsakanin Satumba da Nuwamba, ya ware kwana uku, ya saɓi jakarsa shi kaɗai, ya nufi kwarin kogin Luwar, inda sarakunan ƙasar suka bar gidajensu. Tafiya mabuɗin ilmi ce, amma fa ga wanda ya san inda zai tsaya.

Luwar shi ne kogi mafi tsawo a Faransa, ya ɗara kilomita 1,000. A ƙarni na 15 da na 16 sarakuna da hakimansu sun mai da gaɓarsa mazauni, suka yi ta gina fadoji da wani farin dutse mai taushi da ake haƙowa a yankin. A shekarar 2000 hukumar UNESCO ta sa kimanin kilomita 280 na kwarin cikin kayan tarihin duniya. Dalilin da ya sa na zaɓi kaka kuwa shi ne, a lokacin zafi ya wuce, yara sun koma makaranta, cincirindon Yuli da Agusta ya ragu, ganyaye sun rikiɗa sun zama ja da ruwan ɗorawa, manoma kuma suna tsinkar inabi. Shi kuwa mai tafiya shi kaɗai ba ya bin ɗan jagora mai duban agogo, inda ransa ya kwanta nan zai zauna har ya ƙoshi da kallo.

A fara da Shambor, wadda ita ce mafi girma. Sarki Faransuwa na Ɗaya ya sa aka ɗora harsashinta a 1519, a tsakiyar daji, don farauta da nuna isa. Tana da ɗakuna fiye da 400, da murhun jin ɗumi 282, an kuma kewaye dajinta da katanga mai tsawon kilomita 32. A tsakiyarta akwai matakala biyu da suka naɗe juna kamar igiya mai tufka biyu, mai hawa da mai sauka suna hangen juna ta taga amma ba su gamuwa. Masana da yawa suna danganta wannan dabara da Liyonado da Binci, gwanin zane na Italiya, wanda ya rasu 'yan watanni kafin a fara ginin. Abin mamaki, duk kwanakin da sarkin ya yi a cikinta ba su kai wata uku ba, ya kuma mutu a 1547 ba a gama ta ba. A 1939, da yaƙi ya ƙarato, nan aka kawo kayan gidan tarihi na Luba don ɓoyo, har da zanen nan na Mona Liza. Daga tsakiyar Satumba zuwa tsakiyar Oktoba mazan barewar dajin suna ruri da asuba da magariba, akwai kuma rumfunan da aka tanada don masu kallo.

Ta biyu ita ce Shenonso, wadda aka gina bisa kogin Sher, ruwa na bi ta ƙarƙashinta. Ana yi mata laƙabi da fadar mata, domin mata ne suka juya tarihinta. A 1547 Sarki Hanri na Biyu ya ba farkarsa Diyan kyautar gidan, ita ce ta sa aka yi gadar da ta ƙetare kogin. Uwargida Katarina ta haɗiye takaici har shekara 12. Da tsinin mashi ya soki sarki a ido wajen wasan dawaki ya mutu a 1559, sai ta fitar da Diyan, ta musanya mata da wani gida, sa'an nan ta ɗora dogon zaure mai mita 60 a kan gadar kishiyar tata. Har yau lambunansu biyu suna nan suna duban juna. Lalle kishi kumallon mata. Wannan zaure ya zama asibiti a Yaƙin Duniya na Ɗaya, inda aka yi jinyar sojoji fiye da 2,000. A yaƙi na biyu kuwa kogin ya zama iyaka, ƙofar shiga tana yankin da Jamusawa suka mamaye, ƙofar kudu tana ɗaya ɓangaren, ta nan aka riƙa sulale mutane a ɓoye.

Ta uku, wadda a ganina ta fi cancantar mai karatunmu ya daɗe a cikinta, ita ce Ambuwaz, bisa tudu tana kallon Luwar. A nan Sarki Shal na Takwas ya bugi kansa da saman ƙofa a 1498, ya mutu yana da shekara 27. A nan kuma kabarin Liyonado yake. Amma a can cikin lambu akwai wasu duwatsu 25 da baƙi da yawa ke wucewa ba su waiwaya ba.

Labarinsu shi ne, Amir Abdulƙadir na Aljeriya ya yi shekara 15 yana yaƙar Faransawa. A Disamba 1847 ya ajiye makami bisa alkawarin za a kai shi Iskandariyya ko Akka, ɗan sarkin Faransa da kansa ya tabbatar da alkawarin. Ba a yi wata uku ba aka tumɓuke sarkin, sabuwar gwamnati ta yi watsi da maganar. Aka tsare Amir da iyalinsa da mabiyansa, daga bisani aka kawo su Ambuwaz a Nuwamba 1848, a bakin hunturu. Shekara huɗu suka yi a nan, sanyi da laima da cuta suka ci mutum 25 daga cikinsu, har da mata da ƙananan yara. Sai a Oktoba 1852 Luwi Nafoliyan ya sake shi. A 2005 wani mai zane ɗan Aljeriya, Rashid Kuraishi, ya tsara lambun tunawa da su, da layin tsirrai mai nuna alƙibla. Shi kuwa Amir bai rama cuta da cuta ba: a 1860, da rikici ya ɓarke a Dimashƙa, shi ya ba dubban Kiristoci mafaka, har Faransa ta ba shi babbar lambar girmamawarta. Alkawari kaya ne, kuma a wannan lambu mutum zai ga wanda ya iya ɗauka da wanda ya yar.

Game da hanya, ɗan Nijeriya na bukatar bizar Shengen. Daga tashar Ostarliz a Faris jirgin ƙasa na kai mutum Buluwa da Ambuwaz cikin kamar awa biyu. Shenonso tana da tasha dab da ƙofarta, ana zuwa daga birnin Tur. Shambor ba ta da tasha, tana kamar kilomita 15 daga Buluwa, motocin da ke zuwa can kuma suna raguwa in kaka ta yi nisa, saboda haka a tambayi lokacinsu tun da wuri. Ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba ana mai da agogo baya da awa ɗaya, rana ta faɗi kafin ƙarfe shida, gidajen ma su riƙa rufewa da wuri. A riƙe rigar sanyi da lema da takalmin tafiya. Naman alade ya yawaita a abincin yankin, sai a tambaya kafin a ci. Kifi da burodi da cukun akuya sun wadata, akwai kuma masallatai da mahautan halal a Tur da Buluwa. Kada a soma magana da Bafaranshe ba a ce masa bonjur ba. A sanar da wani inda aka sauka, a kuma adana fasfo a jiki.

Waɗanda suka gina gidajen nan sun yi ne don a ji tsoronsu, yau ga shi talaka daga ko'ina yana yankar tikiti ya shiga har turakarsu. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Wanda ya je Ambuwaz, kada ya fito bai yi wa mamatan lambun nan addu'a ba. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.