Faɗuwar Gaba Iri Biyu Ce: Ta Ɗan Wasa Da Ta Ɗan Caca

Daga Wakilinmu na Kontagora

Jama'a 'yan'uwana mazauna Ikko da Badun da Shagamu da Fatakwal da sauran garuruwan Kurmi: Yau ina so mu tattauna a kan wani abu da ya shigo wa samarinmu ta cikin wayar hannu, watau wasan kartar nan na Turawa da ake kira poka, da kuma labarin da ake ruɗinsu da shi, wai ɗan koyo ma yana iya shiga babbar gasa ya wayi gari attajiri.

Labarin yana da tushe. Tun shekarar 1970 ake yin gasar duniya ta wannan karta a birnin Las Begas na Amurka, kuma kuɗin shiga babban zagayenta dala 10,000 ne, wanda a canjin 2025 ya haura Naira miliyan 14. A 2003 wani akanta ɗan shekara 27 mai suna Chris Moneymaker, wanda ba sana'arsa ba ce, ya sami gurbi ta wata ƙaramar gasa a intanet da kuɗin da bai kai dala 100 ba. Ya doke ƙwararru, ya tashi da dala miliyan 2 da rabi. Daga nan sai 'yan koyo suka yi caa. Mutum 839 suka shiga a shekararsa, amma a 2006 sun kai 8,773, a 2024 kuwa 10,112.

To, masu ba da labarin nan ba su cika faɗin sauransa ba. A cikin mutum 839 ɗin nan, 63 kaɗai suka sami wani abu. Sauran 776 haka suka karkaɗe riga suka koma gida hannu rabbana. Kuɗin da gwanin ya kwasa ba daga sama ya faɗo ba, daga aljihunsu ya fito.

Ɗan koyon da zai shiga irin wannan gasa yakan yi shiri ba kaɗan ba. Yakan haddace lissafin katin nan 52, ya koyi zama na sa'o'i goma ko fiye a rana guda, ya koyi daure fuska don kada abokin karawa ya karanci abin da ke hannunsa, har wasu kan sa baƙin tabarau saboda haka. Duk da wannan, daren jajibiri barci kan gagare shi, ran gasa kuma hannu na rawa, miyau ya bushe. Masu koyar da wasan sukan ce wannan fargaba cuta ce da ya kamata a yi maganinta. Ni kuwa a ganina ba kowace faɗuwar gaba ake yi wa magani ba, wata gargaɗi ce.

Mu duba namu wasannin na gida. Ga dara, wadda ake yi a nan ƙasar Kontagora da Zuru har Sakkwato. Gurabu 30 ake tonawa a ƙasa, layi biyar na shida-shida, kowa da 'ya'yansa 12, wannan da tsinke wancan da tsakuwa. In ka jera uku ka ci ɗan abokinka guda. Ba abin da ke ɓoye, kome a fili yake, in an cinye ka ka san inda ka yi sake. Yaron da za a zaunar da shi gaban tsohon gwani, jama'a sun kewaye, lalle gabansa zai faɗi. Haka sabon ɗan dambe, in an ɗaure masa kara, makaɗi ya kama kirarinsa, ya hangi wanda zai yi turmi uku da shi. Amma mene ne iyakar abin da za su rasa? A yi musu dariya, ko a sha ƙasa, gobe a sake. Wannan fargaba kunya ce kawai, maganinta kuwa yawan gwaji da zama kusa da manya. Kowane gwani da ita ya fara.

Faɗuwar gaban ɗan caca daban take. Shi ba dariyar 'yan kallo yake tsoro ba. Abin da ke hana shi barci ya san kuɗin da ya ajiye a tebur ba nasa ne shi kaɗai ba. Akwai na taki da tsoho ke jira kafin damina, akwai zubin adashi, akwai cinikin maigida da aka ba shi amana, akwai kuɗin makarantar ƙane. Duk wanda ya hau mota daga Kontagora ya bi ta Mokwa da Jebba ya gangara Kurmi, ko goro yake saye, ko shanu ya rako, ko acaɓa yake yi, ko gadi, ya bar bakuna a gida suna jiran abin da zai aiko. Zuciyar da ke bugawa a daren nan tana tuna masa da su ne. Wanda ya koya masa yadda zai danne wannan bugu, ya koya masa yadda zai toshe kunne ne daga mai yi masa nasiha.

Wani zai ce ai poka ba kamar cacar ƙwallo ko kalo-kalo ba ce, akwai gwaninta a ciki. Gaskiya ne, akwai. Ƙwararre yakan fi ɗan koyo in an daɗe ana bugawa. Amma fa wannan magana ɗan koyo take kayarwa, domin in da gwaninta, to kuɗinsa ne abincin gwanaye. In kuwa sa'a ce, babu shirin da zai sa ya san katin da za a buɗe. Ga kuma masu gidan wasan, waɗanda ke yankar kasonsu daga kuɗin kowa tun kafin a raba kati. Ta kowace fuska aka duba, dara ce mai cin gida.

Hukuma ma ta daɗe tana fama da abin. A 1977 gwamnatin soja ta kafa dokar hana na'urorin caca. A 2000 Jihar Neja ta shiga sahun jihohin da suka ƙaddamar da Shari'a. A watan Nuwamba na 2024 kuma Kotun Ƙoli ta soke dokar tarayya ta 2005 game da caca, ta ce wannan hurumin jihohi ne. Ma'anar haka, abin da aka hana a gida yana iya zama halal a idon dokar jihar da kuke zaune. Amma aya ta 90 ta Suratul Ma'ida ba ta san iyakar jiha ba, kuma wayar da ke aljihun yaro ba ta tsayawa a shingen 'yan sanda.

Saboda haka ina kira ga Sarakunan Hausawa na zango-zango da limamai da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa, hani kaɗai ba zai isa ba. Saurayi yana son fage, yana son a san shi gwani ne. A shirya musu gasar dara da darafta da langa da kokawa ran Lahadi ko lokacin Salla, unguwa da unguwa, a sa kyauta daga aljihun masu hali, ba daga zubin 'yan wasa ba. A kuma sa ido, domin ita kanta dara da zarar an ajiye kuɗi a gefenta ta zama caca.

Kai kuma ɗan'uwa, in gabanka ya faɗi kafin wasa, tambayi kanka abu guda: in aka cinye ni, wa zai kwana da yunwa? In amsar ita ce babu kowa, shiga fage da ƙarfinka. In kuwa akwai wanda sunansa ya zo maka a rai, maida kuɗin aljihu, gobe da safe ka aika da shi gida.

Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya ba mu na halal mai albarka, amin.