Alƙali Ya Koyi Sauraron Mai Galahanga

Hausawa kan ce labarin zuciya a tambayi fuska. To amma akwai mutanen da fuskarsu ba ta ba da labarin zuciyarsu yadda muka saba, kuma alƙalin da bai san haka ba yana iya raba uwa da ɗanta bisa kuskure.

Lalurar otizim, wadda ake kira galahanga, bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa take girma da aiki. Likita Leo Kanner na Amurka ya bayyana ta a 1943 bayan ya nazarci yara 11. A 2023 ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne kusan yaro 1 cikin 100 yana da ita. Yaran nan suna girma, wasu su yi aure su haihu, wata rana kuma shari'ar riƙon ɗa ta kai su kotu.

Mai wannan lalura yakan kauce wa haɗa ido, yakan ɗauki magana a zahirinta, hayaniya da hasken fitila mai ƙarfi sukan dagula masa tunani. Idan lauya ya jero masa tambayoyi uku a numfashi ɗaya, sai ya yi shiru. Wanda bai sani ba zai ɗauka rashin gaskiya ne, ko rashin damuwa da yaron.

A Ingila, tun Nuwamba 2017 ƙa'idojin kotunan iyali suka wajabta wa alƙali ya duba ko raunin mutum zai hana shi bayyana hujjarsa. Kotu tana iya naɗa matsakanci, wato gwanin sadarwa da zai taimaka a sauƙaƙa tambayoyi, tana kuma iya ba da hutu a tsakiyar zama.

Wasu za su ce wannan gata ne ga ɓangare ɗaya. A ganina ba haka ba ne, domin ba wanda yake kiran tafinta gata. Matsakanci ba ya canza amsa; aikinsa tambaya ta isa, amsa ta fito.

Nijeriya ta amince da Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa a 2010, kuma sashe na 13 ya tanadi irin wannan sauƙi a kotu. Saura aiki da shi: a horar da alƙalai, a gajarta tambaya, a ba da lokaci.

Malamai, ku ne kan fara lura da irin waɗannan yara a aji. Ku shawarci iyaye su kai su ga likita, a rubuta bayanin a adana. Takardar nan tana iya zama shaidar da za ta kare su a gaban alƙali.