Ledar shayinka a gonarku take ƙarewa



A hutun da ya wuce na koma gida can wajen Dambatta, na tarar akuyar Inna ba lafiya. Ta daina kiwo, ta rame, amma ciki a kumbure. Da aka ga za ta zama mushe sai aka kira mahauci. Yana farka tumbinta sai ga wani dunƙule baƙi ƙirin kamar ƙwallo. Leda ce zalla ta cure wuri guda, har da irin farar nan da ake ƙulla shayi da koko a ciki. Akuyar kuwa ita Inna take kiwo don ta biya wa ƙanwata kuɗin jarrabawar NECO. Naman bai kawo rabin kuɗinta ba.

Na yi shiru, domin na san da hannuna a ciki. Sau nawa na tsaya wurin mai shayi a tasha ina sauri, na ce a ƙulla min a leda, na shanye a mota na wurga ta taga? A Kano ma inda nake karatu haka muke yi. Kafin lacca ka sayi shayi ko gahawa a ɗan kofin roba, minti uku ka gama, ka yar. Ba wanda yake tambayar inda zai kwana.

To mu a karkarar Kano, a gona yake kwana. Ku duba daga Ungogo zuwa Minjibir, Bichi da Dambatta: gona na jingine da gona, babu wadda ake bari ta huta. Abin da ya riƙe ƙasar tana ba da gero da dawa da wake duk shekara shi ne taki. Da rani ake kwashe kashin dabbobi da toka da sharar gida a kai gona a mangala, waɗanda ke kusa da birni kuma har sharar Kano suke saye. Wani masanin labarin ƙasa ɗan Ingila, Michael Mortimore, ya fara nazarin wannan noma namu tun shekarun 1960, ya nuna wa duniya yadda mutane masu yawa suke ci daga ƙasa kaɗan ba tare da sun kashe ta ba.

Sai dai sharar da kakanninmu suka sani ganye ce da toka da fasasshiyar ƙwarya, damina ɗaya ta ruɓe ta zama abincin shuka. Ta yau cike take da leda da kofin roba, su kuwa ba sa ruɓewa, sai dai rana ta farfasa su su zama ƙanana su gauraye da ƙasa. Wadda ta nutse tana tare ruwa da saiwa. Wadda ta tsaya a sama, idan an gama girbi aka saki dabbobi, ita akuya ke fara lasa saboda ƙanshin sukari da madara. Cikinta ba ya iya narkar da ita, sai ta taru a tumbi. Dabba ta ji kamar ta ƙoshi alhali yunwa ce ke cin ta.

Wani zai ce ai sai a koma kofin takarda. A kula, cikinsa an shafe shi da siririyar roba don kada ya jiƙe, shi ya sa yake da wuyar sake sarrafawa. A 2018 wani kwamitin majalisar dokokin Birtaniya ya ce ƙasar na zubar da irin waɗannan kofuna biliyan 2.5 a shekara, kuma ƙalilan ne ake sake sarrafawa. Idan su da injinansu abin ya gagare su, mu fa?

Gwamnatoci sun gwada doka. Ruwanda ta hana leda a 2008, Nijar ta yi tata dokar a 2014, Kenya a 2017, jihar Legas kuma ta hana farin mazubin abinci na soso a watan Janairun 2024. Amma doka ba ta bin mutum tasha da asuba. Muddin muna miƙa hannu muna karɓa, za a ci gaba da ƙullawa.

Ga abin da na fara yi tun daga ranar. Na sayi kofin silba mai murfi na jefa a jaka. Ranar farko na miƙa wa mai shayin tasharmu na ce, "Baba, a zuba min a nan." Ya dube ni ya yi dariya ya ce, "Ɗan boko, yau kuma da wacce aka zo?" Da na ba shi labarin akuyar sai ya ce, "Wallahi yaro ka hutar da ni, ledar nan da kuɗina nake saye." Yanzu idan ya hango ni shi yake tambaya ina kofin.

In ba ka da kofi, zauna a benci ka sha a na mai shayi, minti biyar ba zai sa a rufe maka ƙofar makaranta ba. In kana ƙyanƙyamin ruwan da ake ɗauraye kofunan a ciki, to ka ga amfanin zuwa da naka, ka dai riƙa wanke shi da sabulu kullum. 'Yan mata masu sayen koko ko kunu da safe, ƙaramin kwano mai murfi ko gorar da kuka wanke ta wadatar. Idan kuma dole ta sa ka karɓi leda, naɗe ta ka sa a aljihu, kada ta shiga jujin da za a kai gona. Kada a tara a cinna wuta a tsakar gida, hayaƙinta na cutar da huhu.

Na san abin da zai fi damun ku shi ne dariyar abokai. Ni ma an yi min, kwana uku ta wuce. Mu yi lissafi: aji mai ɗalibai 50, kowa leda ɗaya a rana, kwana biyar, leda 250 ke nan. A zangon karatu mai mako 13 sun zama 3,250. Aji ɗaya fa ke nan, makarantarku aji nawa ce?

Aikin gida na wannan mako: ka je gonarku, ka auna taku goma tsawo da taku goma faɗi, ka tsince ledar da ke ciki ka ƙirga. Ka rubuto mana adadin da sunan garinku, za mu kawo su a wannan shafi. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.